Reza Ɗaya Ta Ishi Namiji

Duk wanda ya tsaya a sahun baya ranar Juma'a ya dubi ƙeyar waɗanda ke gabansa, ko ya lura da wuyan samari a layin banki, zai ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙuraje ne birjik a ƙarƙashin haɓa da bayan kai, wasu sun yi ruwa, wasu sun bushe sun bar baƙin tabo, wasu sun haɗe sun zama tudu. Mun saba ganinsu har mun ɗauka haka Allah Ya halicci fatar baƙin mutum. Wani ya ce jini ne, wani ya ce basir ne ya hau sama, wani ya kwashi kuɗinsa ya kai wa mai maganin bakin tasha. Kaɗan ne daga cikinmu ke tuhumar ɗan abin robar nan mai reza uku ko biyar a jere da ke ajiye a banɗaki.

Ni kuwa shi nake tuhuma. Da'awata a wannan rubutu ita ce, reza guda mai kaifi, a cikin gidanta na ƙarfe, da ruwan ɗumi da kumfar sabulu, ta fi dacewa da gashinmu da aljihunmu fiye da duk abin da kamfanoni suka cusa mana cikin shekaru hamsin da suka wuce. Saurayin da zai fara aske fuskarsa a yau, da wannan ya kamata ya fara. Ina kuma da magana da wani ɓangaren, wato ƴan ƙwalisar da suka mayar da wannan tsohon aski abin taƙama, suna tsorata mai koyo da kayan da kuɗinsu ya kai na buhun gero.

Yadda reza ta hayayyafa

Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya kafa kamfaninsa a birnin Boston a 1901. Dabararsa ita ce a yi reza siririya mai araha wadda in ta dushe sai a jefar, a ɗaura wata a gidan ƙarfen, a huta da wasa aska. A 1903, shekarar da ya fara sayarwa, gidan reza 51 kacal ya sayar da reza 168. Shekara guda bayan haka ya sayar da gidan reza sama da 90,000. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka raba wa sojojinta irin wannan abin aski kimanin miliyan 3 da rabi, suka koma gida da shi, ya zama abin kowa. Wannan ita ce rezar da muka sani, mai kaifi biyu, wadda mai tebur ke sayarwa ɗai-ɗai a cikin ƴar takarda.

Amma akwai abin da ya dami masu kamfani. Haƙƙin mallakar wannan ƙira ya ƙare a 1921, sannu a hankali kowa ya shiga yin reza, kuma rezar kowane kamfani tana shiga gidan kowane kamfani. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da rezar ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda ke daɗewa fiye da na da, ya kwashi masu saye. Ɗan kasuwa ba ya son haja mai araha, mai daɗewa, wadda kowa ke iya yi. Sai ga shi a 1971 Gillette ya fito da Trac II, mai reza biyu a jere cikin kan roba, kan da ba ya shiga mariƙin kowa sai nasa. A 1975 kamfanin Bic na Faransa ya kawo na roba gaba ɗaya, a yi aski a yar. A 1998 aka yi Mach3 mai reza uku, wanda aka ruwaito ya ci kimanin dala miliyan 750 kafin ya shiga kasuwa. A 2003 Schick ya yi mai huɗu, a 2006 Gillette ya mayar da martani da Fusion mai biyar.

Tambayar da nake yi wa mai karatu ita ce, tsakanin 1971 da 2006 gashin gemun ɗan Adam ya ƙara tauri ne har sau biyar? Gashi yana nan yadda yake tun zamanin kakanni. Abin da ya sauya shi ne an gano hanyar ɗaure mai saye. A ba ka mariƙi da araha, wani lokacin har da kyautar kai ɗaya, daga nan kuma ka zama ɗan haya, kana biyan kuɗin kai har iyakar rayuwarka, a farashin da mai kamfani ya ga dama. Dala miliyan 750 ɗin nan ba sadaka aka yi da su ba. A wuyan masu saye aka fanshe su.

Abin da yake yi wa gashinmu

Da a ce tsada ce kawai, da sai mu ce mai kuɗi ya yi abin da ya ga dama da kuɗinsa. Matsalar ta wuce nan. Su kansu masu ƙera abin sun bayyana yadda yake aiki: reza ta farko tana kama gashi ta ɗan jawo shi waje, ta biyu ta yanke shi kafin ya koma, ta uku ta ƙara yankewa. Da gashin ya koma mazauninsa, sai ya kasance a ƙarƙashin fata. Wannan ne santsin da ake nuna maka a talla, inda Bature ke shafa kumatu yana murmushi.

Gashin Baturen nan miƙaƙƙe ne, in ya tashi fitowa sai ya bi hanyarsa ya fito. Namu murɗaɗɗe ne tun daga saiwa. In aka yanke shi a ƙarƙashin fata da tsini kamar na allura, yana tsirowa yana lanƙwasa, sai ya huda gefen raminsa tun bai fito ba, ko ya fito ya juyo ya soki fata. Jiki kuwa ba ya bambance shi da sartse. Wurin ya kumbura, ya yi ja, ya tara ruwa, in ya warke ya bar tabo. Kwana uku bayan haka sai mutum ya sake bi ta kan ƙurajen da reza biyar, wato kowane ja guda ɗaya kamar an karce wurin sau biyar ne. Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan cuta, kuma sun san ta fi kama baƙaƙen maza. Rundunar sojan Amurka ta shafe shekaru tana ba wa sojojin da ke fama da ita takardar likita ta ɗage masu aski na dole, kuma mafi yawansu baƙaƙe ne.

Wanda ke ganin ƙiyayya ce ta sa ni faɗin haka, ya dubi abin da kamfanin ya yi da kansa. Wani baƙin Ba'amurke, Tristan Walker, ya kafa kamfani yana sayar wa ƴan'uwansa baƙaƙe kayan aski mai suna Bevel, wanda ba komai ba ne illa gidan ƙarfe mai reza ɗaya da buroshi da man kumfa. A ƙarshen 2018 kamfanin Procter & Gamble, wanda ya mallaki Gillette tun 2005, ya saye kamfanin nasa. A daidai wannan lokaci Gillette ya fito da SkinGuard, mai reza biyu da tazara a tsakaninsu don kada a yanke gashi a ƙarƙashin fata. A 2020 kuma ya dawo da gidan reza irin na kakanni a cikin jerin kayan da ya sa wa sunan King C. Gillette. Wanda ya sayar maka da ciwo ya zagayo yana sayar maka da magani, a sabon kwali.

Ilimin wanzami, ban da askar taro

Mu Hausawa ba baƙin aski da ruwa ba ne. Muna da wanzamai, muna da Sarkin Aska a garuruwanmu, muna da zabira da abin da ke cikinta. Ka zauna ka kalli tsohon wanzami yana aiki a gindin bishiya. Ba ya ɗora aska a kan busasshen gashi. Zai jiƙa kai, ya murza, ya sake jiƙawa, har sai gashi ya yi laushi. Zai goga askarsa a fata ta yi kaifi. Zai ja ta a hankali, gajeren ja, yana bin kwanciyar gashi, hannunsa sakayau. Duk abin da Turawan intanet ke koyarwa yau da dogon Turanci, wannan tsoho yana yinsa ba tare da ya taɓa ganin bidiyo ba. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, masu shagon aski da inji sun koma neman man janareto, shi kuwa wanzami bai san an yi ba.

To amma ba zan ce a koma ga komai na da ido rufe ba. Aska guda da ta bi kan mutum goma daga safe zuwa azahar hanya ce ta cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana 7, kuma a ƙididdigarta ta 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, kimanin miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka. Ɗigon jinin da ido ba ya gani ya isa. Goge aska a tafin hannu ko tsoma ta a ruwan kwano ba ya kashe wannan ƙwaya. Injin aski ma bai tsira ba, musamman wanda aka wasa bakinsa don ya fitar da layin goshi, domin yana yanka, kuma kai nawa yake bi a yini? Don haka ne hukumomin Saudiyya ke gargaɗin alhazai su yi askinsu wurin masu lasisi da ke amfani da sabuwar reza ga kowane mutum. Wanzamai da yawa a yau sun koma aska mai cin rabin reza, suna ɓare sabuwa a gaban mai aski, kuma sun cancanci yabo. Wanda bai koma ba, a tilasta masa, musamman ranar askin suna, inda kan jariri ɗan kwana bakwai ne a hannunsa.

Abin da nake kira gare shi ke nan: ka ɗauki ilimin wanzami, ka haɗa da rezar da ba ta taɓa jikin kowa ba sai naka.

Kayan da mai farawa ke buƙata

A nan ne zan juya kan ƴan ƙwalisa. A Turai da Amurka wannan aski ya zama abin sha'awa kamar kiwon tantabara. Za ka ga mutum da gidan reza ashirin, buroshi goma, sabulai cike da kabad. Ba laifi, kuɗinsa ne. Laifin yana wurin ɗan'uwanmu da ya kwaso wannan ya kawo mana, yana gaya wa saurayi mai neman mafita cewa sai ya yi odar buroshin gashin wata dabbar daji dangin dage, da sabulun Landan, da ƙarfen da aka sassaƙa da hannu. Yaro ya ji farashi ya koma wa robarsa. Wannan ma cutarwa ce. Abu huɗu kawai ake buƙata, na biyar kuma yana ɗakin mahaifiyarka.

Na farko gidan reza. Ka nemi mai gida uku, wato mariƙi da faranti da murfi, ko wanda murfinsa ke buɗewa gida biyu in an murɗa gindinsa. Ka zaɓi mai miƙaƙƙen baki, ka bar mai haƙora kamar matsefi sai hannunka ya faɗa. Merkur 34C na garin Solingen a Jamus da Edwin Jagger DE89 na Sheffield a Ingila su ne aka fi ba masu koyo shawara a kansu, kuma suna da kyau. Amma na kamfanin Lord na Masar, ko Parker na Indiya, ko na Sin masu araha, duk suna aski. Abin dubawa guda ne: ka ɗaura reza ka ɗaure, ka duba ko kaifin ya leƙo daidai wa daida ta ɓangarorin biyu. In ɗaya ya fi ɗaya fitowa, ajiye shi. Kafin ma ka je kasuwa, tambayi tsofaffin gidanku, musamman wanda ya yi aikin soja ko na gwamnati. Sau da yawa akwai na tagulla kwance a ƙasan adaka, wanda in aka wanke shi aka tafasa zai yi wa jika aiki kamar yadda ya yi wa kaka.

Na biyu reza. A nan ne ƴancin yake, domin kowace tana shiga kowane gida. Akwai Astra, akwai Derby ta Turkiyya, Shark da Lord na Masar, Treet ta Pakistan, Dorco ta kamfanin Koriya ta Kudu, Super-Max, da Feather ta Japan wadda ta yi suna wajen kaifi, har ba a son mai koyo ya fara da ita. Ka sayi wadda ba ta tsatsa, a naɗe cikin takardarta. Fata ta bambanta, rezar da ta yi wa abokinka daɗi tana iya cizon ka, saboda haka ka sayi ƙananan fakiti iri biyu ko uku ka gwada kafin ka sayi babban kwali. Ga lissafi mai sauƙi. Reza guda takan yi aski uku zuwa biyar. In kana aski sau biyu a mako, kana sauya reza bayan aski huɗu, reza 26 za ka ci a shekara. Kwalin reza 100 zai kai ka kusan shekara huɗu. Je ka kanti ka tambayi kuɗin kwalin nan, ka tambayi kuɗin kai huɗu na mai reza biyar, ka yi wa kanka hukunci.

Na uku sabulu. Sabulun aski daban yake da na wanka, domin an haɗa shi yadda kumfarsa za ta yi kauri da santsi, ta daɗe a fuska ba ta mutu ba. Arko na Turkiyya, mai kama da ɗan sanda, yana cikin mafi araha a duniya, kuma guda yakan yi watanni. Akwai man Palmolive na cikin bututu, akwai Proraso na Italiya ga mai hali. Wanda bai samu ko ɗaya ba yana iya gwada sabulun salo, sai dai yana busar da fatar wasu. Sabulun wanki da garin wanki kuwa, kada su kusanci fuskarka.

Na huɗu buroshi. Aikinsa ya tada kumfa, ya cusa ta a gindin gashi, ya ɗago gashin da ya kwanta, wanda shi ne abin da gashinmu ya fi buƙata. Ka sani cewa yawancin buroshi masu araha na gashin dabba, irin farare masu tauri, da gashin alade ake yinsu. Malamai suna da maganganu a kan hukuncin gashin, ni ba malami ba ne, amma ba ka da buƙatar shiga shakka. Buroshin zaren roba na zamani yana da laushi, yana bushewa da wuri, kuma ba ya wari. Akwai na gashin doki ga mai son na dabba.

Na biyar shi ne alif, wanda mata ke jefawa a randa don ruwa ya kwanta, da man kaɗanya. Abin dariya, wannan alif ɗin ake yankawa da kyau a sa a kwali a sayar wa Turawa da tsada a matsayin kayan aski na musamman. Yana tsayar da jinin ƙaramin yanka, yana tsuke fata. Ka samu dunƙule mai tsabta, ka goge kaifin gefensa da ruwa har ya yi sumul, ya zama naka kai kaɗai.

Yadda ake farawa

In wuyanka cike yake da ƙuraje a yanzu, kada ka fara. Ka bar aski kamar wata guda, gashin da ya nutse ya fito, fata ta huce. Ba rezar da ke aski lafiya a kan gyambo.

Sannan ka san fuskarka. Ka bar gashi ya yi kwana biyu ko uku, ka shafa da yatsa ta kowace fuska. Inda ka ji santsi, nan ne kwanciyar gashi, inda ka ji kaushi ka saɓa masa. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma a wuya yakan karkace, wani wurin ya yi gefe, wani ya yi sama. Mafi yawan ƙurajen wuya daga rashin sanin wannan suke.

Ka yi aski bayan wanka, ko ka jiƙa fuska da ruwan ɗumi na minti uku. Gashin da ya sha ruwa ya fi busasshe saurin yankuwa nesa ba kusa ba. Ka jiƙa buroshi, ka yarfe, ka murza a kan sabulu kamar rabin minti, ka dawo fuska kana murzawa kana ƙara ruwa da kaɗan-kaɗan, har kumfa ta yi sheƙi da kauri kamar kindirmo. In tana da manyan ƙwai, ruwa ya yi yawa. In tana bushewa tana farfashewa, ruwa ya yi kaɗan.

Ka ɗora murfin gidan rezar a kumatu, mariƙi yana kallon waje, ka riƙa sauke mariƙin a hankali har ka ji reza ta fara cin gashi. Nan ne wurin, kusan digiri 30. Abu mafi wuya ga wanda ya saba da roba shi ne ya daina dannawa. Na roba ba shi da nauyi, shi ya koya maka danna shi. Na ƙarfe nauyinsa ya isa, kai dai ka ja shi kawai. Ka yi gajeren ja, kamar tsawon gaɓar yatsa, kana ɗauraye reza a kai a kai. Kada ka taɓa zame ta ta gefe, domin haka ne take yanka. Kada ka ja fata ta yi tauri don neman santsi, domin wannan ma yana sa gashi ya koma ƙarƙashin fata. Kada reza ta bi wurin da babu kumfa.

A makonnin farko, bi ɗaya ya isa, kana bin kwanciyar gashi. Za ka shafa ka ji saura, ka ƙyale shi. Ba wanda zai zo ya shafa maka haɓa a wurin aiki. In hannu ya saba, ka sake shafa kumfa ka yi bi na biyu a gicciye. Saɓa wa kwanciyar gashi kuwa, musamman a wuya, mai murɗaɗɗen gashi ya yafe shi har abada. In ka gama, ka wanke da ruwan sanyi, ka goga jiƙaƙƙen alif, ka jira kamar rabin minti, ka wanke, ka shafa ɗan man kaɗanya, balle a lokacin hunturu. Alif malami ne, duk inda ya yi maka zafi sosai, nan ka danna ko ka maimaita, gobe sai ka gyara. Kada ka sauya reza da sabulu da gidan reza a rana ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maka laifi ba. Askin kai kuma ka jinkirta shi sai ka ƙware a fuska, domin ƙeya ba ta ganuwa.

Tsohuwar reza kada ta shiga shara tsirara, yaranmu suna tone bola. Ka samu gwangwanin madara, ka tsaga masa ƴar kafa a sama, ka riƙa jefawa ciki, in ya cika ka toshe ka ba masu sayen tsohon ƙarfe. Mai tafiya Hajji ko Umra ya sa rezarsa a babbar jaka, ba a barin ta a jakar hannu cikin jirgi.

Amsa ga masu ja

Za a ce tana yanka. Tana yi, a makon farko da na biyu, ƙananan yanka da alif ke tsayarwa nan take. Wanda ya koyi keke ma ya ƙuje gwiwa. Ka auna wannan da tabon da mutum ke yawo da shi shekara goma.

Za a ce tana cin lokaci. Minti goma sha biyar ne ga mai koyo, ƙasa da goma ga wanda ya saba. Mutumin da ke zaman awa guda a benci yana jiran layi a shagon aski, ko yana jiran a kawo wuta, bai kamata ya kawo wannan hujja ba.

Za a ce ga hodar aski. Gaskiya ne tana taimakon wasu masu ƙuraje, domin narkar da gashi take yi, ba ta bar masa tsini. Amma sinadarin da ke narkar da gashi yana ƙona fata in ya wuce mintocinsa, kuma duk wanda ya shiga banɗaki bayan mai hoda ya san warin ruɓaɓɓen ƙwan da take bari. Mu nawa ne ke duba agogo in mun shafa?

Za a ce ai akwai wanda ko reza ɗaya ba ta yi masa. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai fatar da ba ta jure kowace irin reza. Mai irin wannan ya sayi injinsa na kansa, ya riƙa rage gashi yana barin ɗan tsiro, ko ya bar gemunsa. Wanda ƙurajen ƙeyarsa suka fara haɗewa suna tauri, likitan fata zai nema, kuma ya daina ƙwalƙwal a wurin. Ni ban ce reza ɗaya maganin kowa ba ce. Na ce ita ce ya kamata a fara gwadawa kafin a yanke ƙauna.

Za a ce mu masu gemu ne, ina ruwanmu? Ban zo yin fatawa a kan gemu ba, wannan fagen malamai ne. Amma mai gemu yana gyara wuya, yana aske kai, kuma akwai tsabtar mara da hadisi ya iyakance wa kwana arba'in. Ga sojoji da jandarmomi da ƴan sanda waɗanda aikinsu ke sa su aski kusan kullum, su ne ma suka fi kowa shan wahala. Reza ɗaya, saboda bakinta a fili yake, ta fi mai biyar iya fitar da layin gemu, kuma ba ta cushewa da gashi.

Za a ce ba a samun kayan. Reza tana kan teburin kowane mai tireda daga Maraɗi har Agadas, muna fiƙe fensir da yanke farce da ita. Alif da man kaɗanya suna kowace kasuwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gidan reza mai kyau da sabulu da buroshi, kuma dalilin ƙarancin shi ne ba ma tambaya. Ƴan kasuwarmu da ke zuwa Dubai da Alƙahira da Guwanzu suna ciko kwantena da robar da za ta ƙare a magudanar ruwa, za su iya sako katan biyu na gidan ƙarfe in sun ga ana nema. Ku tambaya a Kasuwar Dole ta Damagaram, ku tambaya a babbar kasuwar Yamai, ku sake tambaya, har mai kanti ya gaji ya kawo.

Kira na ƙarshe ga iyaye maza ne. Yaro yana fara tsiro da gashin baki, ba mai ce masa komai, saboda kunya ko rashin kula. Sai ya koya daga talla, ko ya ari abin askin abokinsa a ɗakin kwanan makaranta, wanda shi ne mafi hatsari. Kuɗin gidan reza guda da buroshi da sabulu bai kai na takalmin sallah ba, kuma zai riƙe su har ya yi nasa ƴaƴan. Ka saya masa, ka tsaya kusa da shi a gaban madubi sau biyu ko uku, ka nuna masa kwanciyar gashinsa, ka gaya masa reza ba a aro kuma ba a ba da aro. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan magana ruwan na gaske ne, mai ɗumi, na minti uku, kafin reza ta taɓa fata.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu dace.